Guntun Ƙarfen da Na Kai Indiya

Ku matso kusa, muryata ba ta kai nesa yanzu. Abin da zan ba ku da ƙafata na taka shi, da idona na gan shi, kuma ban ƙara masa gishiri ba.

Ni 'yar maƙera ce, matar maƙeri, uwar maƙeri. Ƙauyenmu yana tsakanin Tsanyawa da Shanono, inda gona take jingine da gona har ba ka san inda ta wani ta ƙare ba sai ka ga jan gamba. Ɗana Sale shi ya gaji maƙerar ubansa. Ba shi ne na fari ba, don haka bakina yana iya kama sunansa. A gidanmu ba a kunna wutar maƙera da ashana. Garwashi ake ɗebowa daga murhun babbar macen gida. Uwar mijina ta ba mijina, ni kuma na ba Sale ranar da ya zauna a gurbin ubansa.

Sale yana da amini, Iliya mai haƙar rijiya, tun suna yawo ba wando. Wani rani Iliya yana haƙa a bayan gari ya tarar da dutse. Sale ya ƙera masa guduma. Yana can ƙasa yana dukan turken ƙarfe da ita don dutsen ya tsage, sai bakin gudumar ya ɓalle. Ɓallin bai fi dabino girma ba. Ya tashi ya yanke masa jijiyar wuya. Kafin a jawo shi sama rai ya yi halinsa.

Ba wanda ya tari Sale da magana, amma gari ya yi ta a bayan ido. Cewa suke ruwa ya yi wa ƙarfen yawa. Maƙeri in ya gama ƙira yakan tsoma ƙarfe a ruwa da zafinsa don ya yi tauri, in kuwa ya zarce, ƙarfen ya bushe, sai ya riƙa fashewa kamar kwalba. Sale ya yarda da su tun kafin maganar ta iso kunnensa. Ya sauka rijiyar da kansa ya tsinto ɓallin, ya dawo gida ya ɗauki tulu ya juye a kan wutar maƙera. Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa ganin an yi haka ba. Damina ta zo ta wuce, mutane suna kai garmunansu kasuwar Tsanyawa, shi kuwa yana gindin darbejiya yana juya guntun ƙarfen nan a tafin hannu, yana ramewa ina kallo.

'Yarsa Hadiza tana Indiya da mijinta, karatun ƙarfe take yi. Da za ta tafi har dariya aka yi, wai 'yar maƙeri za ta haye teku ta koyo abin da ubanta yake yi a ƙarƙashin bishiya. Sai ga ta ta haihu, uwarta kuwa ta daɗe a ƙasa, wankan jego ya faɗo kaina. Na ce wa Sale ya ba ni guntun.

"Me za ki yi da shi, Inna?"

"Zan kai wa 'yarka ta duba min ko ruwanka ne ya kashe Iliya."

Ya juya shi a tafin hannu. Sannan ya miƙo. "In kin ga teku ki jefa shi ciki."

Na kai wa baduku ya ɗinke shi a fata kamar laya, na ɗaura a ƙugu.

Jirgi bai kai mu Indiya kai tsaye ba, sai da ya sauke mu a wata ƙasa don mu canja wani. Can na fara sanin ni baƙuwa ce. Gida ne guda amma ya fi ƙauyenmu faɗi, ba rana ba inuwa, ba ka san gabas ba. Ina tsaye da jakata ina neman wanda zan tambaya bayi, sai ga wani mutum da farar riga da carbi, ya yi min sallama da Hausa. Wallahi sai na ji kamar na ga ɗan uwana na ciki ɗaya.

"Hajiya, kawo in riƙe miki. Ga na mata can, shiga ki fito, ina nan."

Na shiga na fito, ba shi ba jaka. Kanwar kunun mai jego, da yaji, da kuka, da daddawa, da kilishin da na ƙulla wa Hadiza, duk sun bi shi. Allah ya sa takardun tafiya suna rataye a wuyana. Na zauna a kan wata kujerar ƙarfe mai sanyi, hannuna a ƙugu ina taɓa layar, ina cewa wannan dai tana nan.

Ashe da sauran aiki. Akwai wata ƙofa da ake sa kowa ya ratsa, ba ƙyaure ba gambu. Ina shiga ta sa kuka. Wata mace mai kayan sarki ta ja ni gefe ta shafa ni, hannunta ya tsaya a kan layar. Ta yi magana, ban ji ba. Ta sake yi da ƙarfi, kamar ƙarfin murya ne zai sa in ji. Na riƙe ƙuguna da hannu biyu. Wasu maza suka matso.

"Mama, kwance ki ba su. In kin ƙi, abin zai yi girma."

Na waiga. Wata ƙatuwar mace ce da wando da ƙunshin gashi, 'yar kudu, amma Hausa a bakinta kamar ta Fagge. Maman Chika sunanta, a Sabon Gari aka haife ta, fatauci take zuwa. Ta baro layinta ta tsaya kusa da ni.

Suka farke fatar da almakashi. Guntun ya faɗo kan tebur, baƙi, da tsatsa, da busasshen jini a jikinsa.

"Tana tambaya mene ne wannan," in ji Maman Chika.

"Ki ce mata shi ne ya kashe Iliya."

"Haba Mama! Kina so a ɗaure mu ni da ke? In na faɗi haka a nan, jirgin nan sai dai ki ji labarinsa. Wa za ki kai wa?"

Na gaya mata. Ta juya ta yi ta zuba musu turanci, tana nuna ni, tana nuna furfurata. Mai kayan sarkin ta ɗauki guntun ta gwada kaifinsa a babban yatsanta. A gefenta akwai wani kwando cike da almakasai da kwalabe da aka karɓe wa mutane. Ta kai hannu saman kwandon ta tsaya. Aka fara kiran jirginmu. Ban san kalma ko ɗaya ta yarensu ba, sai na buɗe tafin hannuna na miƙa mata, na bar shi a miƙe. Ta dube ni, ta dubi hannun. Ta naɗe guntun a farar takarda ta ɗora min.

Maman Chika ta ja ni da gudu, zanina yana kwancewa. A cikin jirgi ta ba ni rabin burodinta. Da muka sauka ta damƙa ni a hannun Aminu mijin Hadiza, ta ce, "Ga tsohuwarku nan, ta kusa sa a kama ni." Ban sake ganinta ba. Kullum tana cikin addu'ata.

Indiya mutane ne kamar an tona gidan tururuwa. Ga adaidaita sahu irin na Ungogo sak, sai dai direbobinsu sun fi namu rashin tsoron Allah. Ga shanu suna yawo a tsakiyar titi ba makiyayi, ba wanda ya ce musu kanzil. A saman bene aka ajiye ni, ɗaki a kan ɗaki, ba tsakar gida, ba inda za ka zubar da ruwa. Ruwan wanka a bango yake dahuwa, ba itace ba hayaƙi. Da safe nakan kasa kunne ko zan ji daka, ko kukan jaki, sai ƙahon mota. Abincinsu yaji ne amma ba irin namu ba, yana ƙona baki ya bar ciki da yunwa.

Hadiza ta gan ni ta ce, "Tsohuwa, haka kika zo min hannu na dukan cinya? Ina kilishina?"

Na ce, "Wani mai carbi yana can yana ci miki. Miƙo min angona in gani, ke ba ke na zo wa ba."

Abin da ya dame ni shi ne ganyen wanka. Maƙwabciyarsu, wata siririyar mace mai jan ɗigo a goshi, ta ga ina ta leƙen wata bishiya ta taga. Washegari ta buga ƙofa da dami a hannu. Darbejiya ce, irin ta ƙofar gidanmu. Na kai hanci na shaƙa, hawaye suka zubo min ban shirya ba. Tun daga ranar ba ta fasa kawowa ba har aka gama wanka, kuma ba mu taɓa fahimtar maganar juna ba.

Ban fito da guntun ba sai da Hadiza ta yi ƙarfi. Ranar da na yi niyya na warware takardar, na ga jinin Iliya a jiki. Iliyan da ya goya yarinyar nan a kafaɗa, wanda take kira Baba Iliya. Na ce ba zan ɗora mata wannan a hannu ba. Kuma malamanta za su gani, kada su ce a garinmu ba a san tsabta ba. Mu mata in za a kai abu gaban baƙi sai an wanke shi. Na matse lemun tsami, na sa soson ƙarfe na dirje. Inda ya karye ɗin yana da kaushi, tsatsa ta maƙale a ciki, sai na goga shi a dutsen niƙan yajinta har ya yi sumul yana ƙyalli. Na ɗora a faranti na kai mata.

Ta ɗauka ta juya. Sai na ga fuskarta ta sauya.

"Inna, me kika yi masa?"

"Wanke shi na yi."

"Innalillahi. Inna, inda ya karye shi ne bakinsa. Nan ake dubawa a ga yadda karayar ta fara da inda ta bi. Shi kika niƙe."

Na zauna a ƙasa. Na tsallake ɓarawo, na tsallake ƙofa mai kuka, na zo da hannuna na rufe bakin shaidar ɗana. Hadiza ta ga yadda na yi, ta durƙusa ta riƙe ni, amma ba ta ce ba komai ba, domin da komai.

Ta kai ni makarantarsu. Malamarta tsohuwa ce kamata, gashi fari fat, da gilashi rataye a wuya. Ta daɗe tana duban guntun, ta girgiza kai, sannan ta yi magana Hadiza tana juya min. Ta ce shaidar da ke bayan ƙarfen ta tafi, amma ta cikinsa tana nan. Sai an yanka shi biyu. Ƙarami ne, yanka ɗaya zai ɗauka, in ba a dace da wurin ba shi ke nan.

Hadiza ta ƙara da tata. "Inna, ki ji da kyau. In muka buɗe na ga ruwan Baba ne ya yi yawa, zan gaya miki, kuma in ya tambaye ni zan gaya masa. Ba zan yi masa ƙarya ba."

Na tuna abin da ya ce, in jefa a teku. In na koma ban yanka ba, zai ci gaba da zama da zato. In na yanka aka ga laifinsa, na kai masa tabbas, kuma ban san ko zai ɗauka ba. Na dubi yarinyar nan, goshinta na ubanta ne. Na ce, "Bismillahi. Ku yanka."

Da wani siririn faifai suka yanka, a hankali, ruwa yana zuba a kai don kada ya yi zafi. Suka binne rabin a cikin wani baƙin abu kamar ƙaro, ya daskare ya zama kamar marfin kwalba. Sai suka shiga gogewa. Na ce, "Au, ku ma guga kuke?" Hadiza ta ce, "Mu ciki muke gogewa, tsohuwa, ke kuwa baki kika toshe." Aikin bai ƙare a ranar ba, kuma bai ƙare washegari ba. Abinci ya daina wuce min. Aminu ya kira Sale a waya don ya ji kukan jikansa, na karɓa na ce, "Sale, kana ci kuwa?" Ya ce, "Ina taɓawa." Bai tambayi guntun ba, ni ma ban ɗauko ba.

Ranar da aka kira ni, ƙarfen ya zama madubi, har na ga idona a ciki. Suka ɗiga masa wani ruwa mai cin ƙarfe, suka sa shi a ƙarƙashin na'urar da ke ƙara girman abu, hoton ya fito a jikin talabijin.

Ban taɓa sanin haka cikin ƙarfe yake ba. Ƙwayoyi ne ƙanana manne da juna, kamar gonakinmu yadda na hango su ta tagar jirgi. Hadiza tana murza wani abu hoton yana tafiya, ƙwayoyin nan lafiya lau, ba tsaga. Ta ci gaba da murzawa. Can kusa da gefe sai na ga sun fara kwantawa, duk sun karkata waje guda kamar dawa in iska ta bi ta kanta. A tsakiyar inda suka kwanta ga wani farin layi siriri kamar zare, tsaga tana bin bayansa. Malamar ta sa gilashinta ta matso. Hadiza ta rufe baki da hannu.

"Ki yi min magana," na ce. "Kada ki kashe ni a tsaye."

"Inna, in aka danna ƙarfe a hankali, ƙwayoyin nan kowace tana ɗan gocewa kaɗan, suna raba wahalar a tsakaninsu, zafin da ya taso kuma yana samun hanyar fita. In duka ya zo da sauri ƙwarai, zafin ba ya samun lokacin fita. Sai ya taru a wuri ɗaya siriri, wurin ya yi laushi. Da ya yi laushi sai duk gocewar ta koma can, ya ƙara zafi, ya ƙara laushi. Duk wannan kafin ki ƙifta ido. Sannan sauran ƙarfen mai sanyi ya tsotse zafin nan take, layin ya ƙandare ya zama kamar gilashi. Dukan da ya biyo baya, ko wanda ya biyo bayansa, sai ya tsage ta nan."

Na ce, "Kamar kunya in ruwan sama ya yi yawa. Da ta ɓalle a wuri guda, duk ruwan gonar can yake bi."

"Haka nan."

"To ruwan ubanki fa?"

Sai suka sa wani tsini suka danna ƙarfen nan da can, nesa da layin, suna duba taurinsa. Malamar ta yi magana. Hadiza ta juyo, idonta ya cika.

"Daidai yake, Inna. Taurin guduma ne, bai zarce ba. Ƙarfen da ya bushe ba ya kwantawa haka, fashewa kawai yake yi. Wannan sai da ya lanƙwasa kafin ya karye. Malama tana tambaya, me ake duka da ita? Ta ce ba mamaki abin ya kai gudumar tauri ko ya fi ta."

Na ce ban sani ba. Hadiza ta ce, "To iyakar abin da ƙarfen ya faɗa ke nan. Kada ki ƙara masa, kada ki rage."

Malamar ta ɗauko baƙin marfin nan da madubin ƙarfe a tsakiyarsa ta sa min a hannu, ta haɗa tafukanta a ƙirji. Ni ma na haɗa nawa.

Da bazara na dawo, ƙasa ta yi zafi tana jiran ruwa. Na tarar da Sale a gindin darbejiya, ya ƙara zubewa. Na ba shi abin, Hadiza ta yi masa bayani a waya, ta aiko da hoton. Ya kalli farin layin nan har wayar ta yi duhu, aka sake kunna masa.

"Turken da na haɗa masa da gudumar mai taushin kai ne," ya ce a hankali. "Da na sauka rijiyar ba shi na gani ba. Sandar ƙafar babbar mota na gani, irin ta wajen 'yan gwangwan. Nawa yana dakushewa, shi kuma yana sauri ya kai ga ruwa. Na gan ta da idona, Inna, ban kawo komai a raina ba."

"To sai a gaya wa gari."

"A'a. Iliya ya bar marayu. Ba za a ce musu ubansu ne ya jawo wa kansa ba. Gari ya faɗi abin da yake so."

Ya sa abin a aljihu, ya ci gaba da zama. Kwanaki suka shuɗe haka, maƙera a rufe, har na fara cewa a raina wahalar banza na sha. Hadari ya soma leƙowa ta gabas, mutane suna wucewa ta ƙofar gidanmu da garmuna a kafaɗa, sun nufi Tsanyawa.

Wata safiya ina ɗumama tuwo, sai inuwa ta rufe ƙofar madafa. Na ɗaga kai. Sale ne, ya naɗe hannun riga, da tsohon kasko a hannunsa. Ya durƙusa yadda ya durƙusa ranar da ya gaji ubansa.

"Inna," ya ce, "da sauran garwashi a murhunki?"

Na tona toka na zaɓo masa manya, masu ja.